HATTARA DA HAYAƘIN ITACE DA KATAKO A LOKACIN HUNTURU

Jawabin da wani ɗan'uwa ya gabatar a zaman matasa

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Abin da zan ɗan ja hankalinmu a kai shi ne hayaƙi. Na san wani zai ce, ai a cikinsa muka tashi. To sabo da abu ba ya hana shi cutarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida, wato hayaƙin itace da gawayi da makamantansu, ta yi sanadin mutuwar mutane wajen miliyan 3.2, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 237,000.

Ta ina yake kisa? Na farko, in itace ko gawayi yana ci ba tare da isasshiyar iska ba, yana fitar da wata guba mai suna kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. In ta shiga jini takan riƙe shi fiye da iskar da muke rayuwa da ita ninki 200. Sai ka ga samari sun shigar da kaskon garwashi ɗaki saboda sanyi, sun rufe ƙofa, sun toshe taga, sun kwanta. Alamarta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, amma mai barci ina zai ji alama? Kada kuma a ce ai garwashin ya daina hayaƙi. Ko babu hayaƙi gubar tana fita.

Na biyu, a cikin hayaƙin akwai ƙananan ɓurɓushi da sirin gashin kai ya ninka kaurinsu wajen sau 30. Suna wucewa har can cikin huhu, su jawo nimoniya ga yara, ciwon huhu da na zuciya ga manya. Iyayenmu mata da ƙannenmu da ke goye a bayansu su suka fi shaƙa.

Na uku, guntayen katakon da ake kwasowa wajen kafintoci. 'Yan'uwa, ba kowane katako ne makamashi ba. Filawud da gam ake haɗa shi, kuma yawancin gam ɗin yana da sinadarin fomaldehaid mai jawo ciwon daji. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwar yara. Katakon da aka jiƙa da maganin gara, da tsofaffin turakun lantarki, wasunsu na ɗauke da gubar asenik, har tokarsu ma guba ce. Ɗan'uwa mai shayi ko mai tsire da ya hura wuta da irin wannan, kansa da masu sayensa ya cutar, alhali addininmu ya hana mu cutar da kanmu, balle wani.

Saboda haka kada kasko ya kwana a ɗaki, ko sanyin ya kai yaya. A yi girki a fili ko inda iska ke ratsawa, da busasshen itace, don ɗanye ya fi hayaƙi. Katako mai fenti ko gam ko magani kada ya shiga murhu. In an tarar da wani ya galabaita kusa da garwashi, a fitar da shi waje nan take, a kai shi asibiti. Mai hali ya saya wa mahaifiyarsa murhun gas ko ingantaccen murhu mai rage hayaƙi. Kowa ya isar da wannan saƙo a zaurensu.

Allah ya kiyashe mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.