Fallen Katako da Iskar Hunturu



Akwai wani zargi da nake yawan ji a bakin masu gida idan aka ce za a lulluɓe bangon falonsu da fallen katako. Sai su ce ai wannan fomeka ce, kwaikwayo ne. Ba haka ba ne. Fomeka takarda ce mai hoton katako da aka daskarar da sinadari. Falle kuwa katako ne na gaske, daga jikin bishiya, sai dai an yanko shi siriri, galibi kaurinsa bai wuce milimita 0.6 ba, aka manna a kan filawud ko wani allo mai arha. Sana'ar ta tsufa ƙwarai. Kafintocin Masar ta dā, da yake ƙasarsu ba ta da wadatar itace mai kyau, sukan lulluɓe katako na banza da siraran yankan baƙin itace da hauren giwa, kuma an ga irin wannan aiki a kayan kabarin Tutankhamun da aka buɗe a 1922.

Yadda aka yanka gungumen shi ke ba da zane. Idan aka juya shi a inji ana fere shi kamar rake, falle ya fito da faɗi amma zanensa a hargitse, shi ya sa aka fi yin filawud da shi. Idan aka raba gungumen gida huɗu aka yanka daga gefe, sai layuka su fito a miƙe. A nan ne itacen sapele yake nuna kansa: ratsi-ratsi masu ɗaukar haske, wani ya yi duhu wani ya yi ja, ka matsa gefe su sauya. Sunan itacen ma daga garin Sapele na jihar Delta ya samo asali, inda kamfanin African Timber and Plywood ya taɓa riƙe ɗaya daga cikin manyan masana'antun filawud na Afirka. Fallayen da suka fito daga gungume ɗaya ana jera su bi da bi, kada a cakuɗa. Mai aiki ya buɗe biyu kamar shafukan littafi, zanen hagu ya zama madubin na dama. Falle ɗaya ya ɓace daga tsakiya, ido zai gane, ko da mai kallon bai san dalili ba.

Ku duba gidan Tugendhat da Mies van der Rohe ya zana a birnin Brno na ƙasar Cek, aka gama a 1930. Wurin cin abinci an kewaye shi da bango mai siffar rabin da'ira, lulluɓe da fallen baƙin itacen Makassar. Lokacin yaƙin duniya na biyu bangon ya yi ɓatan dabo. Sai a 2011 aka gano allunan a ɗakin cin abinci na tsangayar shari'a ta jami'ar Masaryk, aka mayar da su mazauninsu. Shekara saba'in suna hannun waɗanda ba su san darajarsu ba, kuma siririn fallen ya jure.

To me ya sa namu ba ya kai hunturu biyu? Na taɓa sa ido a kan aikin wani ofis a Kano. Aka kawo alluna daga Legas cikin watan Agusta, ana tsakiyar damina, aka kafa su washegari saboda maigidan yana gaggawar buɗewa. Zuwa Janairu na koma. Mahaɗar fallayen ta buɗe har ana ganin filawud, wasu allunan sun lanƙwashe kamar kwasfar gyaɗa. Laifin nawa ne, domin na san katako yana shan laima yana kumbura, yana bushewa yana tsukewa, ko da an yanka shi siriri. Damshin iskarmu kan haura kashi 70 cikin ɗari a damina, ya faɗo ƙasa da kashi 20 a hunturu, ga na'urar sanyaya ɗaki tana ƙara busar da shi.

Maganin yana wurin da ido ba ya gani. A manna falle a bayan allon kamar yadda aka manna a gabansa, ko da mai arha ne, don ɓangarorin biyu su ja daidai. A bar allunan su yi kwanaki a cikin ɗakin kafin a kafa su. A bar 'yar tazara tsakanin allo da allo, zanen ya nuna da gangan aka bar ta. Gam mai kama da roba, wanda kafintocinmu suke so saboda yana kamawa nan take, yana barin falle ya riƙa motsi; gam mai daskarewa da matsi mai kyau sun fi. Kuma a ja kunnen yaron shago kan samfefa, shafa uku da ƙarfi ya huda fallen.

Wani abu kuma da ya dame ni shi ne madobiya. An yi ta sare ta ana lodawa zuwa Sin a gungume har aka sanya ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu a 2017. Falle yana rage irin wannan ɓarna: allo ɗaya mai kaurin milimita 25, in aka yanka shi falle-falle, zai rufe bango ninki kusan arba'in.

Ga guntaye biyu nan na zo da su, a miƙa su baya. Tare suka kwana wata guda a bayan motata. Ɗaya an manna masa falle gaba da baya, ɗayan gaba kawai. Ku ɗora kowanne a kan tebur ku danna gefensa.