Juya Tsarin Darasi: Bayani a Gida, Aiki a Aji



Tsarin da aka saba da shi a makarantun boko shi ne malami ya tsaya gaban allo ya yi bayani, yara su kwafa, sa'an nan a ba su aikin gida. Aibinsa a fili yake. Sa'ad da lissafi ya cije wa yaro, watau lokacin da ya fi bukatar malami, yana gida, ba wanda zai tambaya.

A shekarar 2007 wasu malaman kimiyyar sinadarai biyu, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, na makarantar sakandaren Woodland Park a jihar Kolorado ta Amurka, suka ga ɗalibansu suna yawan rasa darasi saboda tafiye-tafiyen wasanni. Sai suka shiga ɗaukar bayaninsu a bidiyo domin waɗanda ba su zo ba. Daga baya suka juya tsarin ɗungurungum: kowa ya kalli bayani a gida, a aji kuwa a yi gwaje-gwaje da warware matsaloli, malami yana zagayawa daga tebur zuwa tebur. Sun buga littafi a kan wannan a 2012.

Amma ba su ne farau ba. Tun farkon shekarun 1990 Eric Mazur, malamin fiziks a Jami'ar Harvard, yakan sa ɗalibai su karanto darasi kafin su zo. A aji sai ya jefa tambaya, kowa ya zaɓi amsa, ya yi muhawara da na kusa da shi, sa'an nan a sake zaɓe. Wannan ya nuna bidiyo ba shi ne ginshiƙin al'amarin ba, kuma abin lura ne ga makarantun da ba wutar lantarki, yara kuma ba su da waya. Takarda guda da aka buga, ko darasin rediyo irin wanda jihohin Nijeriya da dama suka watsa a 2020 da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, sun isa a soma.

Inda gizo ke saƙar shi ne yaron da bai yi shiri ba, domin zai zauna cikin aji kamar baƙo. Saboda haka malami kan buɗe darasi da gajerun tambayoyi, ko ya nemi kowa ya zo da tambayarsa a rubuce. Aikin malami ƙaruwa yake yi, ba raguwa ba. Sufeton makarantu kuwa, muddin yana auna malami da yawan abin da ya rubuta a allo, to zai tarar da aji mai hayaniya, allo kusan wayam, ya rubuta rahoton cewa ba a koyarwa.