Zanga-zangar Tsadar Rayuwa: Mu Fita Ko Mu Kulle Ƙofa?

Jawabi ga dattawa da membobin ikkilisiyoyin yankin Jangeru, Shinkafi, Zurmi da Ƙaura Namoda

Sannunku da hanya, musamman ku da kuka taso daga nesa, gama duk mun san yadda mutum yake riƙe ransa a hannu kafin ya iso nan.

An ce in yi magana a kan tambayar da matasanmu suke ta yi wa dattawa tun shekarar 2024: in jama'a sun fita zanga-zanga saboda tsadar rayuwa, mu da muke 'yan kaɗan a wannan yanki, mu fita ne ko mu kulle ƙofa?

Dattawa za su tuna da shirin tsuke bakin aljihu na SAP da gwamnatin Janar Babangida ta kawo a 1986, da tarzomar da ta biyo baya a 1989. A ranar 1 ga Janairu, 2012, gwamnatin Jonathan ta janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141. Ƙasa ta tsaya cik, har sai da aka mai da shi naira 97. A wannan zanga-zangar ce aka ga Kirista a Kano sun kewaye Musulmi suna tsaronsu yayin da suke salla, Musulmi kuma suka je majami'u ranar Lahadi don su nuna ana tare. Ku riƙe wannan, zan koma kansa.

Sai ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya ƙare. Man da bai kai naira 200 ba ya haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ya wuce 1,000. A nan wurinmu duka biyu ne. Manomin Jangeru da ya biya 'yan bindiga kafin ya shiga gonarsa, ya sake biya kafin ya girbe, shi ne kuma zai biya kuɗin motar kai buhu kasuwar Shinkafi. Bai gama farfaɗowa daga rufe kasuwanni da layukan waya na 2021 ba aka ɗora masa wannan. An sa mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, to mutum nawa ne a cikinmu yake karɓar albashi?

Wasu sukan buɗe Romawa sura 13 su ce Kirista ba ya kuka da hukuma. Ni dai ina roƙonku ku haɗa da Nehemiya sura 5. Mutanen Urushalima a lokacin 'yan kaɗan ne, masu gāba da su kuma suna zuba musu ido. Duk da haka talakawa, maza da mata, suka ta da murya: sun jinginar da gonaki da gidaje saboda hatsi, sun ci bashi don biyan harajin sarki, har an fara kai 'ya'yansu bauta. Nehemiya bai ce su yi shiru kada maƙwabta su ji ba. Ya tara babban taro, ya tsawata wa manya, ya sa aka mayar da gonakin. Shi kansa kuma shekara 12 yana mulki bai karɓi abincin da aka saba ba gwamna ba. Saboda haka kukan mai yunwa ba zunubi ba ne. Tsarin mulkin 1999 ma, a sashe na 40, ya ba kowane ɗan ƙasa ikon yin taro cikin lumana, bai kuwa tambayi addininsa ba.

Amma, 'yan'uwa, kada mu ruɗi kanmu. A zanga-zangar 1 zuwa 10 ga Agusta, 2024, an fasa shaguna da gine-ginen gwamnati a Kano, an sa dokar hana fita a jihohi da dama, ɓata-gari kuma suka kwashe kayan wata majami'a a Daura. Ƙungiyar Amnesty ta ce aƙalla mutum 24 aka kashe. A watan Nuwamba aka gurfanar da yara ƙanana a kotu a Abuja, wasu suna faɗuwa don galabaita, kafin a sake su. In taro ya rikice, shagon baƙo da ƙofar majami'a ne kusa da hannu, kuma ɗan talaka ne yake kwana a kurkuku.

Shawarata ke nan. Kada kowa ya fita da tutar ikkilisiya ko rigar zumunta. Malami ya bi ƙungiyar malamai, ɗan kasuwa ya bi 'yan kasuwa, direba ya bi direbobi, gama mudun masara kuɗinsa ɗaya ne ga mai zuwa masallaci da mai zuwa sujada. Yaro kuwa ba ya fita, ko da wane ne ya kira. Abin da aka yi a Kano a 2012 sai da mutane suka zauna suka yi magana tukuna. Dattawa, ku je wurin hakimi da liman tun ƙura ba ta tashi ba, ku kai kukan hanya da taki da farashin hatsi tare, a takarda ɗaya.

Akwai kuma abin da yake hannunmu, ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Muna kuka da harajin gwamnati, mu kuma muna ɗora wa gwauruwa kuɗin gini, kuɗin anko, kuɗin taron gunduma, da gudummawar saukar baƙi, har wata takan ƙi zuwa sujada don kunya. Ina roƙon kowace majalisar dattawa ta zauna kafin godiyar kaka, ta rubuta dukan kuɗaɗen da ake karɓa ban da baiko da zakka, ta ga wanda za a dakatar bana. Hatsin godiya kuma a fara fid da rabon gwauraye, marayu da 'yan gudun hijira kafin a sayar da sauran. Magatakarda na kowace ikkilisiya ya zo da wannan lissafi a zama na gaba.