Almajiranci Daga Nesa: Lacca Kan Horon Sanin Makamar Aiki Ta Intanet



An umurce ni in yi magana a kan wata mas'ala wadda iyayenmu ba su san ta ba, mu ma da muke koyarwa ba mu gama fahimtar ta ba, alhali kuwa 'ya'yanmu sun riga sun shiga cikinta tsundum, wato ɗalibi ya yi horon sanin makamar aiki a wata ma'aikata wadda bai taɓa taka ƙofarta ba, ƙarƙashin wani gwani wanda bai taɓa yin musafaha da shi ba, yana zaune a ɗakinsu a Gusau ko Azare ko Maraɗi, babu abin da ya sada su sai kwamfuta da intanet.

Kafin mu yi hukunci a kan sabon abu, wajibi ne mu dubi halin da tsohon yake ciki. A shekarar 1971 gwamnatin Nijeriya ta kafa asusun horar da ma'aikata da ake kira ITF, mai hedikwata a Jos, kuma a 1973 wannan asusu ya ƙirƙiro shirin horon ɗalibai a wurin aiki da ake kira SIWES, saboda kukan da masu masana'antu suke yi cewa ana yaye musu injiniyoyi waɗanda suka haddace littafi amma ba su taɓa riƙe sifana ba. Aka shar'anta wa ɗan jami'a wata shida, ɗan foliteknik da ɗan kwalejin ilimi wata huɗu, aka ba kowa littafin da zai riƙa rubuta aikin da ya yi kullum, shugabansa na wurin aiki ya sa hannu, malami kuma ya taso daga makaranta ya je ya gan shi da ido. Tsari ne mai kyau, kuma an gina shi ne a zamanin da masaƙun Kakuri a Kaduna suke aiki dare da rana, Bompai da Sharaɗa a Kano suna tashin hayaƙi. To, masaƙun nan sun rufe ɗaya bayan ɗaya a farkon shekarun 2000, jami'o'i kuwa sun ninninka, har ya zamana yaro yakan ɗauki takardar neman gurbi ya yi ta yawo da ita ofis-ofis, in ya yi sa'a aka karɓe shi a ba shi benci a bakin ƙofa, a riƙa aikensa sayen kati da ɗauko fayil, ranar da wa'adi ya cika ya zauna ya cike littafin nan na wata shida a dare biyu, a buga masa hatimi. Duk wanda ya taɓa duba waɗannan littattafai daga cikinmu ya san biro guda da hannu guda idan ya gan su. Saboda haka mai cewa horo daga nesa ba horo ba ne, sai ya fara gaya mana ko zaman bencin nan horo ne.

Malamanmu na hadisi sun riga mu yin nazari a kan wannan damuwa, domin su ma nisa ya raba su da shehunansu, kuma ba su da jirgin sama. Sun ƙididdige hanyoyin ɗaukar ilimi guda takwas, suka jera su bisa daraja. Mafi ɗaukaka shi ne sima'i, wato almajiri ya ji daga bakin shehi, sai karanta wa shehi yana saurare yana gyara. Can a tsakiya akwai mukataba, wato shehi ya rubuto wa almajirinsa da ke wani gari, kuma jamhurun malamai sun karɓe ta a matsayin hanya ingantacciya muddin an tabbatar da rubutun na shehin ne. A can ƙarshe kuma akwai wijada, wato mutum ya tsinci littafi da rubutun wani malami wanda bai taɓa haɗuwa da shi ba, malamin kuma bai san da shi ba. Abin lura shi ne, mai mukataba da mai wijada dukkansu suna nesa da shehi, dukkansu takarda ce a hannunsu, amma an ɗaga ɗaya an sauke ɗaya, saboda na farkon akwai wani malami rayayye da ya san sunansa, ya nufe shi da rubutun, yana kuma ɗauke da alhakin abin da ya rubuto masa. Ƙasashenmu ma ba baƙi ba ne ga wannan hanya: a 1493 wani malami daga wannan nahiya tamu, Muhammadu al-Lamtuni, ya aika wa Imam Jalaluddin al-Suyuɗi tambayoyi har birnin Alƙahira, Suyuɗi ya amsa masa a rubuce, kamar yadda ya rubuto wa sarakunan Katsina da Agadas nasiha. Da wannan ma'auni nake so mu auna duk wani horo na intanet da aka kawo mana: shin mukataba ce ko wijada?

Bari in ɗauki shirye-shirye biyu da suka daɗe, waɗanda ɗalibanmu suke iya shiga daga nan. Na farko shi ne Google Summer of Code, wanda kamfanin Google ya fara a 2005. Kamfanin ba ya ɗaukar ɗalibin aiki, bal ma yana faɗa ƙarara cewa wanda ya shiga ba ma'aikacinsa ba ne. Abin da yake yi shi ne ya haɗa shi da wata ƙungiya mai gina buɗaɗɗiyar manhaja, wato manhajar da kowa ke da izinin duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya ƙara. Ƙungiyoyin da aka zaɓa sukan fito da jerin ayyukan da suke bukata, ɗalibi ya rubuta takardar shawara yana bayyana abin da zai gina da yadda zai raba makonninsa, in an amince sai a ba shi jagora ɗaya ko biyu, a yi aikin galibi cikin mako 12, jagoran ya auna shi a tsakiya ya kuma auna shi a ƙarshe, kuma alawus ba ya fita sai jagora ya ce an ci. Ana biya ne gwargwadon tsadar rayuwar ƙasar da mutum yake zaune, babban aiki na awa 350 yana kamawa daga dala 3,000 zuwa 6,600. Tun 2022 an buɗe ƙofar ga duk sabon shiga da ya kai shekara 18, ko ɗalibi ne ko ba ɗalibi ba.

Na biyu shi ne Outreachy, kuma a kansa zan fi tsayawa, domin ya fi kusa da halinmu. Asalinsa wani ƙaramin shiri ne da masu manhajar GNOME suka yi a 2006 bayan sun lura cewa mata ba sa neman shiga irin wannan horo, aka farfaɗo da shi a 2010, aka ba shi wannan suna a 2015, yana kuma ƙarƙashin wata ƙungiya ta Amurka mai suna Software Freedom Conservancy. An yi shi ne domin waɗanda ake tauyewa ko suka yi ƙaranci a fagen fasaha a ƙasar da suke, wata uku ake yi, daga gida, ana biyan dala 7,000, kuma bisa al'adarsa zango biyu ne a shekara, ɗaya daga Mayu zuwa Agusta, ɗaya daga Disamba zuwa Maris. Hikimar da ta fi burge ni a cikinsa ita ce yadda ake zaɓe. Ba a tambayar mutum darajar digirinsa, ba a tambayar ɗan wane ne. Bayan ya amsa tambayoyin farko a rubuce, sai a sake shi cikin aikin na kusan wata guda ya ba da gudummawa, ya ɗauki ƙaramin kuskure ya gyara, ya miƙa, jagora ya duba ya mayar masa da shi da gyare-gyare, ya sake miƙawa, wataƙila sau uku ko huɗu kafin a karɓa, kuma da wannan kai-komo ne ake gane wanda ke jin gyara da wanda ke fushi da shi. Manyan ayyuka irin su Linux da Wikimedia sun karɓi masu horo ta wannan hanya, kuma ba duka ne rubuta manhaja ba, akwai rubuta bayanin yadda ake amfani da ita, da zane, da nazarin bayanai. Ku dubi 'yarmu da mahaifinta ba zai yarda ta tafi Legas wata shida ta zauna a gidan da bai sani ba, ko matar aure mai goyo da ke aji uku: a da hukuncinta shi ne bencin ofishin da ya fi kusa da gida, yanzu kuwa tana iya zama a ɗakinta wani gwani a Jamus ko Indiya yana bin aikinta layi-layi.

Akwai wata fa'ida da ba a cika ambata ba. Duk abin da ɗalibi ya miƙa a irin waɗannan ayyuka, da gyaran da aka yi masa, da amsar da ya bayar, da ranar da aka karɓa, suna nan a rubuce a fili, a wurare irin su GitHub, kowa na iya dubawa. Wannan tamkar isnadin hadisi ne, wato sarƙar shaida, wanda ba a cike shi a dare biyu, kuma mai ɗaukar aiki da ya san abin da yake yi ya fi gaskata shi bisa takardar shaida mai ado.

Ita kuwa wijada ta cika kasuwa. Akwai masu tara ɗalibai dubbai a zaure guda na intanet, su zuba musu bidiyo, babu mai duba aikin kowa, a ƙarshe a ce a biya kuɗi a karɓi satifiket. Akwai kuma 'yan damfara tsantsa, masu neman kuɗin rajista ko lambar asusun banki da sunan wani kamfani na Turai. Kallon bidiyo ba haramun ba ne, wijada ma malamai ba su jefar da ita ba, sai dai kada a kira shi horon aiki. Tambayoyi uku sun isa su tone asirin kowane shiri: wane ne jagorana da sunansa, sau nawa zai duba aikina, kuma wa zai yi amfani da abin da na yi? Wanda ya nemi ka biya shi domin ka yi masa aiki kuwa, ka yi masa sallama.

Ba zan ɓoye muku illolin abin ba. Ɗalibin jinya ba zai koyi neman jijiya ta allo ba, haka mai karatun gini da mai aikin gona da mai haɗa injin. Waɗannan sai mulazama, sai an tsaya kusa da gwani an ga yadda yake riƙe kayan aiki, kuma jami'ar da ta yarda a yi su daga nesa ta ci amanar al'umma. Ko a fannonin da abin ya dace da su, akwai ladubban aiki da ake tsinta a zaman tare, yadda ake yi wa babba gyara ba tare da an kunyata shi ba, yadda ake shan faɗa a wuce, waɗanda sukan yi wuyar samu ga wanda ke zaune shi kaɗai. Sannan ga namu na gida: wutar lantarki, da kuɗin data, da kwamfutar da ɗalibai uku ke karɓa-karɓa. Ga bambancin lokaci, domin ƙarfe 9 na safe a Kalifoniya lokacin zafinsu ƙarfe 5 na yamma ne a Kano, bayan la'asar, Indiya kuma tana gabanmu da awa huɗu da rabi. Ga kuma kalandarmu da ba ta tsayawa wuri guda: yajin aikin malaman jami'a ya ci wata tara a 2020, ya ci wata takwas a 2022, waɗannan shirye-shirye kuwa ba sa jiran kowa, kuma Outreachy yana neman ɗalibi ya nuna yana da isasshen hutu daga makaranta a cikin zangon kafin ya karɓe shi. Amma babban shingen da na fi gani shi ne rubutu. Aikin nesa kusan dukkansa rubutu ne, kuma ɗalibin da ba zai iya bayyana a jimla biyar ta Ingilishi abin da ya gwada, da inda ya maƙale, da taimakon da yake nema ba, zai yi shiru don kunya, jagora kuma a can ba ya ganin fuskarsa, sai ya ɗauka ya gudu. Kunya ado ce a gaban surukai, amma a nan mai tambaya a fili shi ake ɗauka.

Ya shugabannin sassa da 'yan majalisar jami'a, ga abin da nake roƙo. Idan ɗalibin kimiyyar kwamfuta ko lissafi ko harsuna ya zo da shaidar cewa an zaɓe shi cikin masu nema daga duniya, yana da jagora sananne, aikinsa yana fili, bai kamata mu mayar da shi neman hatimi a ofishin da babu kwamfuta ba. A zauna da ITF da hukumar jami'o'i ta ƙasa a fitar da sharuɗɗa: malamin da ke duba shi ya yi magana da jagoran kai tsaye, ya bi tarihin aikin a inda aka adana shi maimakon littafin hannu, ɗalibin kuma ya dawo ya kare aikin a gaban sashe. A ware ɗaki guda mai sola da intanet, a bar shi buɗe har bayan isha saboda bambancin lokacin nan, a tanadi sashen mata. Na ambaci harsuna da gangan, domin Wikipedia ta Hausa, da taskar muryoyi ta Common Voice da Mozilla ke tarawa, da ƙungiyar Masakhane mai aikin koya wa na'ura harsunan Afirka, duk suna bukatar wanda ya san inda ake sa ƙugiya a ɗ da ƙ, kuma a wannan fage ɗalibinmu ne gwani, na waje ne almajiri.

Ku kuma ɗalibai, Google yakan sanar da ƙungiyoyin da ya zaɓa a wajen watan Fabrairu, a karɓi takardun shawara tsakanin Maris da Afrilu; Outreachy kuma yakan buɗe neman farko watanni kafin kowane zango, don haka ku riƙa duba shafinsu da kanku, kada ku dogara da abin da aka turo a WhatsApp. Galibin waɗanda ake ɗauka sun riga sun shiga zauren ƙungiyar tun kafin a buɗe, sun gaisa, sun karanta ƙa'idojinta, sun gyara ƙaramin abu ɗaya ko biyu, har jagororin sun saba da sunansu. Wanda ke nufin zangon Mayu, to tun Disamba ya kamata ya zaɓi ƙungiya guda ya fara.

Shugaban zama, na ga an miƙo mini takarda cewa lokaci ya cika, sai a ba masu tambaya dama.