Ruth Brown: Mawaƙiyar da Ta Gina Gida Aka Ce Ana Bin Ta Bashi



Maƙasudin wannan lacca shi ne a dubi rayuwar wata mawaƙiya baƙar fatar Amurka, Ruth Brown, don a ga yadda murya takan zama dukiya, da kuma hannun da dukiyar takan faɗa. Amma kafin a kai ga mawaƙiyar, ya kamata a san irin kiɗan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, baƙaƙen fatar da suka yi ƙaura daga gonakin kudu zuwa manyan birane sun gauraya waƙar bulus ta kukan zuci da kiɗan rawa da kuma salon rera waƙoƙin coci. 'Yan kasuwa kuwa suna kiran irin waɗannan faya-fayan da sunan jinsin masu sayensu, har zuwa 1949, lokacin da mujallar Billboard ta laƙaba wa kiɗan sunan Rhythm and Blues.

An haifi Ruth Weston a 1928 a Portsmouth, cikin jihar Bajiniya. Mahaifinta lebura ne a tashar jiragen ruwa, shi ne kuma jagoran mawaƙan cocinsu, bai kuwa yarda 'yarsa ta yi waƙar gidan rawa ba. A 1945, tana da shekara 17, ta gudu daga gida tare da wani mai busa, Jimmy Brown, wanda sunansa ya bi ta har ƙarshen rayuwarta. Ta ɗan taɓa aiki a ƙungiyar makaɗa ta Lucky Millinder, aka sallame ta a Washinton ba ta da ko kuɗin mota. A nan Blanche Calloway ta ba ta wurin waƙa, a nan kuma Willis Conover, wanda daga baya ya yi suna a Muryar Amurka, ya ji ta, ya kai labarinta ga Ahmet Ertegun da Herb Abramson, masu wani ƙaramin kamfanin faifai mai suna Atlantic.

A 1948, kan hanyarta ta zuwa New York, ta yi haɗarin mota, ƙafafunta suka kakkarye, ta yi watanni a asibiti. A gadon asibitin ta sa hannu a yarjejeniya da Atlantic. A riƙe wannan da kyau, domin wanda ke kwance ba ya taya kaya, abin da aka miƙa masa shi yake karɓa.

Faifanta na farko ya fito a 1949. A 1950 waƙarta "Teardrops from My Eyes" ta yi mako 11 tana kan gaba a jerin faya-fayan irin wannan kiɗa, a 1953 kuma "(Mama) He Treats Your Daughter Mean" ta sake kai ta wannan matsayi. Muryarta tana da kauri, amma a ƙarshen ɗango sai ta tsinke ta da wata 'yar siririyar ƙara, kamar mai shessheƙa ta tuna da dariya. Little Richard da bakinsa ya ce wurinta ya koyi wannan salo. Cinikin faya-fayanta ya ɗaga Atlantic har aka riƙa yi wa kamfanin kirari da gidan da Ruth ta gina. Duk da haka, in ta je wasa a jihohin kudu, ba ta da ikon kwana a masaukin Turawa. Sau da yawa kuma, da waƙarta ta karɓu, sai a ba wata Baturiya ta sake rerawa, kamar yadda Patti Page ta yi a 1954, gidajen rediyo su riƙa sa ta Baturiyar.

To, ina kuɗin? Makaɗin fada ya san ubangidansa, kyautar riga ko doki kuwa a gaban jama'a ake ba shi, rowa ba ta ɓuya. Mawaƙin faifai fa, arzikinsa yana cikin littafin akawu da bai taɓa gani ba. Ka'idar ita ce a ba shi ɗan abin hannu ranar ɗaukar waƙa, sa'an nan a yi masa alkawarin wani ƙaramin kaso daga kowane faifai da aka sayar. Amma kafin kason ya iso gare shi, sai an cire ladar makaɗa da kuɗin ɗakin ɗaukar murya da duk abin da aka taɓa ba shi a matsayin kafin alƙalami. Saboda haka faifai yana iya cin kasuwa, littafi kuma ya nuna mai waƙar ce ake bi bashi. Ba lalle a kira wannan sata a gaban alƙali ba, tun da da hannunta ta sa, amma a gaban hankali ba shi da wani suna.

Ta bar Atlantic a 1961. Yayin kiɗa ya juya, ta zauna a Long Island tana renon 'ya'yanta biyu maza, ta yi aikatau a gidajen mutane, ta tuƙa motar 'yan makaranta. A daidai wannan lokaci ana ta sake buga tsofaffin waƙoƙinta ana sayarwa, ita kuwa ko anini. A shekarun 1970 ɗan wasan barkwanci Redd Foxx ya taimaka ta koma fage.

A 1983 ta haɗu da wani lauya, Howell Begle, mai sha'awar waƙoƙinta tun yana yaro. Ya kawo mata faya-fayanta ta sa masa hannu, ta shaida masa cewa ba ta samun komai daga gare su. Da ya nemi lissafi, kamfani ya ce shi ne ma yake bin ta wajen dala 30,000. Begle ya yi shekaru yana tonon takardu ba tare da karɓar lada ba, Ruth tana faɗa wa 'yan jarida, Jesse Jackson ma ya sa baki. A 1988 Atlantic ya yafe irin waɗannan basussuka, ya sake lissafin mawaƙa fiye da 30, ya kuma ba da dala 1,500,000 aka kafa gidauniyar Rhythm and Blues. Rabon Ruth kimanin dala 20,000 ne. Ga wadda aka ce ita ta gina gidan, wannan bai fi kuɗin fitila ba. Amma abin lura shi ne ba ta tsaya ga nata kaɗai ba, ta dage sai an duba na sauran tsararrakinta, kuma gidauniyar ta riƙa biya wa tsofaffin mawaƙa kuɗin asibiti, wani lokaci har da na jana'iza.

Ɗaukaka ta komo mata da tsufa. Ta fito a fim ɗin Hairspray a 1988, ta sami lambar Tony a 1989 saboda wasan Black and Blue, ta sami Grammy a 1990, aka shigar da ita zauren girmama mawaƙan Rock and Roll a 1993. Littafin tarihin rayuwarta, Miss Rhythm, ya fito a 1996. Ta ci gaba da waƙa, sau da yawa a zaune saboda ƙafafun nan da suka karye tun 1948, har ta rasu a jihar Nebada ran 17 ga Nuwamba, 2006, tana da shekara 78.