Jawabi Ga Dattawan Ikilisiya Kan Saƙonnin Waya

Tun da wayar GSM ta shigo Najeriya a 2001, da ita muke sanar da rasuwa da kiran taron addu'a. Da ita kuma jita-jita ke yawo, wai an ƙone majami'a a wani gari, har da hoton da ba a san asalinsa ba. A Indiya, ƙaryar satar yara da aka yaɗa ta waya ta jawo kisan mutane a 2018, har WhatsApp ya taƙaita tura saƙo. In rikici ya tashi, mu 'yan tsiraru wutar za ta fara ci. Tura labarin da ba mu tabbatar ba shaidar zur ce. Dattawa, mu fara kiran faston garin da aka ambata, mu ji daga bakinsa.