Ƙura, Zafi da Damina: Yadda Za Ka Kare Kyamararka a Karkara

Shirin yau na masu ɗaukar hoto ne, musamman ku da kuke yawon biki da suna a ƙauyukan Dambatta, Makoɗa, Kunci, Bichi da Tsanyawa. Da yawanmu da kuɗin amfanin gona muka sayi kyamarar nan, wani ma rago ya sayar. Idan ta lalace, sana'a ce ta tsaya cak.

Bari in fara da abin da ya same ni. Wata kaka na je ɗaukar hoton mata suna sheƙar gero a bayan gari. Ina tsaye iska na kaɗowa ta wajena, na kwance gilashin kyamara na ɗaura wani. Da na koma gida, duk hoton da sararin sama ya fito a ciki sai in ga ɗigo-ɗigo baƙi, a wuri ɗaya. Ƙaiƙayi da ƙura ne suka zauna a kan sensa, wato farantin da ke karɓar haske a ciki. Sai da na shiga Kano aka wanke ta, bikin wannan satin kuma ya wuce ni.

To, abokin gaba na farko ke nan: ƙura. Hazon da muke gani daga Nuwamba zuwa Fabrairu, mafi yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso shi, kuma ya fi garin tuwo laushi. Ba inda ba ya shiga. Saboda haka kada ka canza gilashi a fili. Shiga ɗaki ko mota. Idan ya zama dole, kashe kyamarar, juya wa iska baya, ka kifa bakinta ƙasa, ka yi sauri. Kuma don Allah a daina goge gilashi da bakin riga. Ƙurar nan yashi ce, kana gogawa kana kankare shi. Fara hure ta da ɗan famfon iska na roba, sannan ka goge da tsumma mai laushi irin na tabarau. Kada ka hura da baki, yawu zai bi. Idan kana son ka gane ko sensarka ta yi datti, sa ta a f/16 ka ɗauki sama ko farin bango, ɗigon zai fito ɓaro-ɓaro.

Na biyu, zafi. Duba littafin da ke zuwa da yawancin kyamarorin Canon da Nikon, za ka ga an rubuta su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 40. Mu kuwa a watan Afrilu zafinmu yakan haura 40 a inuwa ma. To ina ga cikin motar da aka rufe a rana? Kada ka bar ta a can, kada ka ajiye ta a kan tankin babur. Batir ya fi komai tsanar zafi, in ka ga ya kumbura ka rabu da shi. Kuma ka mayar da murfin gilashi duk lokacin da ba ka aiki, domin gilashin na tara hasken rana wuri ɗaya har ya ƙona abin da ke ciki.

Na uku, damina. Kowa na tsoron ruwan sama, amma laima ta fi shi mugunta, don ita ba a ganin ta. A watan Agusta ka kulle kyamara cikin jaka a lungun ɗakin ƙasa, bayan 'yan makonni sai ka ga wani abu kamar saƙar gizo a cikin gilashi. Fumfuna ce, kuma in ta daɗe tana cinye fuskar gilashin, wankewa ba ta gyara shi. Maganin ba tsada: samu roba mai murfi da ke rufuwa gam, ka zuba 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. Ka riƙa fito da ita tana shan iska da haske. Idan kuma ruwa ya dake ta, kada ka kunna don ka gwada. Cire batir da memori nan take, ka goge, ka bar ta ta bushe a inuwa kwana biyu ko uku.

Na huɗu, hanya da taro. Hanyoyinmu na burji, ka san yadda acaɓa ke jijjiga mutum. Kada ka ɗaure jakar a bayan babur, goya ta a jikinka, jikinka zai shanye girgizar. A wajen biki, igiyar kyamara ta zauna a wuyanka. Yara na rububin su ga hotonsu, wani ya zo da zoɓo a hannu, wata na fesa turare. A hawan sallah kuwa, tsaya nesa da ƙafar doki da hayaƙin 'yan bindiga. Sannan fitilun leza da masu kiɗan biki ke haskawa, in suka shiga gilashi kai tsaye suna iya ƙona sensa, layin da suka bari ba ya gogewa.

Na ƙarshe, caji. Idan a shagon caji ko da janareta kake yi, cire batir ka sa a cajarsa. In wuta ta yi ƙarfi, gara caja ta ƙone da kyamara ta tafi. Kuma da ka dawo aiki, kwashe hotunan ka ajiye a wuri biyu. Kyamara ana sake saye, amma amarya ba za ta sake zama a lalle don kai ba.

Ka maida shi al'ada: minti biyar kowane dare, ka hure, ka goge, ka rufe, ka adana. Ku rubuto mana a ƙasa abin da ya taɓa lalata muku kyamara, za mu karanta a shiri na gaba. Allah ya sa wa sana'a albarka. Sai mun sake haɗuwa.